Yadda ake tadribin aikin jin daɗin jama'a a Makka: daga takardar turawa zuwa ranar sallama

Ƙanwata, idan kin kai zangon da sashenku na khidma ijtima'iya (aikin jin daɗin jama'a) zai tura ki tadribi, wato horon aiki a fili, wannan rubutun naki ne. Na daɗe ina karɓar ɗalibai a ofishinmu, ina tare da su tun ranar farko har ranar sallama, kuma da damansu 'ya'yan gidajen Hausawan nan Makka ne. Da ke nake magana don ɓangaren mata na fi sani, amma ƙannena maza su ma zancen ya shafe su. Ko a Jami'ar Ummul Ƙura kike, ko a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, hanyar kusan ɗaya ce.

Ki riƙe wannan tun yanzu: ɗaliba mai koyo aka tura, ba ma'aikaciya ba, ba kuma tafinta ba. Jin Hausarki zai sa mutane su saki jiki da ke fiye da abokan karatunki, kuma shi ne zai kawo miki jarrabawar da su ba za su gani ba.

Kayan da za ki tanada

- Littafin jagorar tadribi na sashenku. A ciki ne adadin sa'o'in da ake nema, da fom-fom, da yadda ake raba maki. Ki karanta shi da kanki, kada ki tsaya ga abin da 'yan ajin gaba suka faɗa miki, don tsari yana canzawa.
- Takardar turawa daga jami'a, ta asali da kwafi biyu.
- Katin jami'a, da katin ɗan ƙasa ko iƙama (takardar izinin zama) mai rai.
- Littattafan rubutu biyu: ƙarami da zai shiga jaka, da babba wanda zai zauna a gida don sijillin yau da gobe, wato rubutun abin da kika yi kullum.
- Fayil mai rufi, da biro shuɗi fiye da ɗaya.
- Idan asibiti ne, shaidar rigakafinki, don yawancinsu suna nema, da irin rigar da suka ce a sa.
- Abaya marar ado, takalmi marar tsini mai daɗin tafiya, da gorar ruwa.
- Lambobin nan a wayarki: 1919 ta kai rahoton cin zarafi a cikin iyali, 116111 ta taimakon yara, 911 ta gaggawa, 997 ta motar asibiti, da 937 ta Ma'aikatar Lafiya.

Rashin kwamfuta ba zai hana ki komai ba. Ki rubuta da hannu, ki buga a ɗakin kwamfuta na jami'a. Abin da ba zan so ba shi ne ki kai rahoton wata baiwar Allah shagon buga takardu na bakin titi.

1. Zaɓin wuri

Sashe ne yake rabawa, amma galibi akan tambaye ki inda kika fi so. Wuraren iri huɗu ne.

Asibiti, irin su Nur ko Hira, aikinsa da gudu yake. Za ki koyi shirya sallamar marar lafiya, da tura shi inda ya dace, da magana da iyalin da ke cikin tashin hankali. Illarsa, ana iya sallamar mutum kafin ki kammala bincikenki. A makaranta kuwa za ki zauna tare da muwajjiha, wato mai ba ɗalibai shawara, wadda a da ake kira murshida, yaran nan dai su za ki riƙa gani har ƙarshen zango, aikin rukuni yana da sauƙi, amma makonnin jarrabawa suna cinye lokaci. Gidajen kulawa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Al'umma, na tsofaffi da na marayu da cibiyoyin masu buƙata ta musamman, nan ake koyon haƙuri, nan kuma rabuwa ta fi ciwo. Sai ƙungiyoyin agaji, inda za ki koyi binciken halin iyali, in ba a zaunar da ke gaban kwamfuta kina shigar da sunaye ba.

Kafin ki zaɓa, ki binciki abu biyu: shin wurin yana da ƙwararriyar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da za ta kula da ke, kuma da wace mota za ki isa da sassafe? In ba mai kai ki, ki duba layin bas ɗin Makka, ko ku haɗa kuɗin mota ke da waɗanda aka tura ku tare. Ki duba kalanda ma. A watan azumi lokacin aiki yana raguwa, ga cunkoson masu umara, saboda haka ki tara sa'o'inki tun kafin ya kama.

Shawarata ta kaina, ki guji cibiyar da ke cikin unguwarku. Kusa ce, na sani, amma masu zuwa wurin maƙwabtanku ne.

2. Takardu

Ki kai takardar turawa mako guda kafin ranar farawa. A asibiti ofishin horo ake fara zuwa, su ne za su ba ki kati su miƙa ki sashen. Ranar farko ki tabbatar an sa hannu an buga hatimi a takardar mubashara, wato shaidar kin fara, ki mayar wa jami'a da wuri. Kwanakin da kika yi kafin a sa hannun ana iya ƙin lissafa su. In wurin suka ce sun cika, ki koma sashenku a ranar. Kada ki nemo wani wuri da kanki ki fara zuwa.

3. Makon farko, ido da kunne

Kada ki yi ɗokin a ba ki aiki. Ki gaida kowa, daga shugaba har mai shara da mai gadi, ki riƙe sunayensu. Ki nemi izinin karanta tsofaffin fayiloli a cikin ofis, don a nan za ki ga yadda gidan yake rubutu. Ki zauna gefe idan ana ganawa da mutane, bayan an nemi yardarsu, ki lura da yadda ake buɗe magana da yadda ake rufe ta. Kafin Alhamis ki rubuta shafi ɗaya ko biyu: su wa cibiyar take karɓa, da wane sharaɗi, wace hidima take yi, ina take tura wanda ba nata ba. Wannan shafin za ki yi ta komawa gare shi.

4. Ki tsara aiki da mushrifa

Mushrifa ita ce mai kula da ke, kuma su biyu ne, ta jami'a da ta wurin aiki. Ta wurin aiki ita ce take ganin ki kullum, kuma tana da kaso a makinki. A mako na biyu ki zauna da ita ku rubuta: mutum nawa za ki bi lamarinsu, wane rukuni za ki jagoranta, wane shirin wayar da kai za ki yi, kuma wace rana a mako za ku riƙa zama ko na rabin sa'a ne.

Wata mushrifar aiki ya yi mata yawa ƙwarai, ba wulaƙanci ba ne. In haka ne, ki rubuta tambayoyi uku gajeru ki miƙa mata: “Ustaza, idan kin samu sarari.” Ki raka ta zagaye, ki yi tambaya a hanya. In kuwa an mayar da ke mai ɗaukar kwafi da jera fayil, kaɗan daga ciki aikin ofis ne, kowa yana yi. Amma in mako biyu suka wuce ba ki zauna da mutum ko ɗaya ba, ki fara yi mata magana ita kanta cikin ladabi, da takardar tsarin nan a hannunki. In bai gyaru ba, sannan ki sanar da ta jami'a. Kada ki tsallake ta farko.

5. Ganawar farko

Ki karanta fayil tukuna, ki rubuta abu uku ko huɗu da kike son sani, ki nemi wurin da ba a jin maganarku. A ɗakin marasa lafiya labule ba ya tare murya, don haka ki matso kusa ki yi ƙasa da muryarki.

Ki faɗi sunanki, ki ce ke ɗaliba ce mai koyon aiki a ƙarƙashin Ustaza wance, ki faɗi abin da ya kawo ki. Ki gaya mata tun farko cewa maganarta ba za ta fita waje ba, amma mushrifarki za ta sani, kuma in akwai haɗari ga ranta ko ga yaro dole a sanar da hukuma. Ɗalibai suna jin nauyin faɗin wannan, suna ganin zai kori mutum. Gara ta ji shi yanzu da ta ji daga baya ta ce kin ci amanarta.

Ki fara da tambaya mai faɗi: “Hajiya, yaya abin ya faro?” Sai ki yi shiru. In ta yi shiru ita ma, ki bar ta, ba lallai ki cike gurbin ba. In ta yi kuka, ki miƙa mata tishu, kada ki yi saurin cewa “ki yi haƙuri, ki bar wa Allah.” Maganar gaskiya ce, amma in ta zo da wuri ma'anarta ita ce a rufe zancen. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Tambayar kuɗin shiga, da bashi, da zaman aure, ki bar su sai ta saki jiki. Ki rage rubutu a gabanta, kalma ɗaya-ɗaya ta isa. Minti talatin zuwa arba'in da biyar ya wadatar. Kafin ki tashi ki maimaita mata abin da kika fahimta don ta gyara miki, ki faɗa mata abin da zai biyo baya da ranar da za ku sake haɗuwa.

Kada ki yi alkawarin tallafi, ko da wasa. Manyan hanyoyin tallafin gwamnati, irin su damanul ijtima'i da Hisabul Muwaɗin da aka fara a 2017, an gina su ne kan 'yan ƙasa, ƙungiyoyin agaji kuma kowace da nata sharuɗɗa. A cikin gida ɗaya na mutanenmu ana iya samun mai katin ɗan ƙasa, da mai iƙama, da wanda takardarsa ta mutu. Abin da za ki ce shi ne: “Zan kai wa Ustaza, mu duba abin da ya dace da halinki, in dawo miki da amsa ranar Talata.” Ranar Talata kuwa ki dawo, ko da amsar babu ce.

6. Idan mai buƙatar Bahaushiya ce

Nan ne nake so ki fi nutsuwa. Tsohuwar da ta kwana uku tana fama da Larabcin likita, ta ji kin ce “Sannu Inna, yaya jiki?”, za ki ga fuskarta ta washe. Abin da ta ɓoye wa kowa za ta faɗa miki. Wannan alheri ne, ki yi amfani da shi. Amma abubuwa uku za su biyo baya.

Na farko, tambayar asali. “'Yata, ke 'yar gidan wa ce? A Hindawiya kuke ko Shari' Mansur?” Ba da mugun nufi take yi ba, haka muke gaisawa. Ki amsa da fara'a, a taƙaice: “Inna, 'yar nan Makka ce, amma yau ke muka zo ji.” In ya bayyana kun san juna, ko akwai dangantaka ko surukuta, ki gaya wa mushrifa a ranar, a ba wata lamarin. Ba gudun ta kika yi ba. Kin kare ta ne daga haɗuwa da ke gobe a gidan biki tana tunanin me kika faɗa wa mahaifiyarki.

A gida ma za a tambaye ki: “An ce kin ga wance a asibiti, me ke damun ta?” Ko cewa kin gan ta bai halatta ki tabbatar ba. Ki shirya amsa ɗaya ki riƙa maimaita ta ga kowa, har da Umma: “Aikin nan an ɗaure mana baki, ba na iya cewa komai.” Za a ji haushi sau ɗaya ko biyu, daga nan a saba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na biyu, tafinta. Da zarar an gane kina jin Hausa, nas da likita za su riƙa kiran ki, musamman lokacin umara da alhazan Najeriya da Nijar suke cika gari. Taimako ne mai lada, ba na hana ki. Amma ki nemi izinin mushrifa, kuma ki san iyakarki. Fassara “ina ne ke ciwo” daban, fassara bayanin tiyata don mutum ya sa hannu daban. In kalmar likitanci ta fi ƙarfinki, ki ce ba ki da tabbas, a nemo wanda ya fi ki. Idan kina fassara, abin da aka faɗa za ki faɗa, ba ragi ba ƙari, ko da kina ganin zai yi mata nauyi. In nauyin ya yi yawa, likita za ki gaya wa ya sassauta. Kuma ki lura kada zangon ya ƙare kina yawo ɗaki-ɗaki, fayilinki babu komai.

Na uku, lambar waya da kyauta. Za ta ce ki ba ta lambarki don ta riƙa yi miki addu'a, wata ta ƙulle miki Riyal hamsin ko turare. Ki ba ta lambar ofis. Kyautar ki mayar da hannu biyu: “Inna, na gode, Allah ya saka, amma dokar aiki ta hana ni. Addu'arki nake so.” Ke ma kada ki zaro kuɗi daga jakarki ki ba ta, duk yadda tausayi ya kama ki. Yau kin bayar, gobe ba ki da shi, ga kuma ta gadon kusa tana kallo. Buƙatar gaggawa mushrifa ake kai wa, ita ta san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa.

7. Rubutu

Aikin da ba a rubuta ba, a wurin jami'a da cibiya, ba a yi shi ba. Ki rubuta ganawa a ranar da aka yi ta. In kika bari sai ƙarshen mako, maganar wannan za ta shiga ta waccan.

Sijillin kullum gajere ne: kwanan wata, lokacin shiga da fita, abin da kika yi, abin da kika koya, da sa hannun mushrifa duk mako. Kada ki tara sa hannu sai ƙarshen zango. Binciken lamarin mutum ɗaya, dirasatul hala, shi ne babban aiki, kuma kashi uku ne kamar yadda aka koya miki a aji: tattara bayani, gano tushen matsala, da tsarin magance ta. Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa abin da ido ya gani da abin da zuciya ta raya. Dubi waɗannan biyun:

“Uwar ba ta damu da yarinyar ba.”

“Uwar ba ta zo ganawa biyu da aka sa mata ba. Ta ce tana sayar da abinci da safe, kuma ba ta da wanda za ta bar wa ƙananan yara.”

Na farko hukunci ne, kuma zai bi matar nan a fayil shekara da shekaru. Na biyu ya nuna miki mafita da kansa: a mayar da ganawar bayan azahar, ko a yi ta waya daga ofis. Ra'ayinki yana da gurbinsa, a ƙarƙashin kan magana na daban, tare da hujjarsa.

In da Hausa aka yi ganawar, ki rubuta haka a sama, ki mayar da ita Larabci da kulawa. “Ciwon zuciya” a bakin tsohuwa yana iya zama baƙin ciki, yana iya zama ciwon da likitan zuciya zai duba, don haka ki tambaye ta wanne take nufi kafin ki rubuta. Ki zana taswirar iyali, musamman a gidan da ke da mata fiye da ɗaya ko 'ya'yan riƙo, don wanda ta kira “ɗana” yana iya zama ɗan ƙanwarta, kuma wannan yana da tasiri a takardun hukuma. Ki rubuta ƙarfin iyalin ma: wa ke kawo abinci, wa ke raka ta asibiti, ko tana cikin adashi.

A kwafin da za ki kai jami'a, babu suna, babu lambar kati, babu sunan layi. Harafi ɗaya ya isa. Hoto kuwa kada ki kusance shi, na fayil ne ko na mutum, ko da don ki nuna wa malama kin yi aiki. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai Riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Zauren WhatsApp na 'yan ajinku ma ba wurin ba da labarin kowa ba ne.

8. Idan kin ga alamar cutarwa

Tabon duka a jikin yarinya, tsohon da aka bari cikin ƙazanta, matar da take rawar jiki idan mijinta ya shigo. Kada ki yi bincike da kanki, kada ki tunkari wanda ake zargi, kada kuma ki ce bari a kira dattawan unguwa a sasanta. Ki rubuta abin da kika gani da abin da aka faɗa da kalmomin mai faɗin, da lokaci, ki kai wa mushrifa nan take, ba gobe ba. In ba ta nan, shugabar sashe. Dokar kariya daga cutarwa ta 2013 ta wajabta kai rahoto, ta kuma hana bayyana wanda ya kai shi ba da yardarsa ba. Dokar kare yara ta 2014 ta shafi duk wanda bai kai shekara 18 ba. Na san nauyin da ke cikin wannan idan gidan na mutanenmu ne, za ki ji kamar kin tona asirin naki. Yarinyar ma taki ce.

Ziyarar gida kuwa, ba ki zuwa ke kaɗai, ba ki zuwa ba da izinin cibiya a rubuce ba.

9. Aikin rukuni

Mutum shida zuwa goma masu matsala iri ɗaya, manufa ɗaya, zama huɗu zuwa shida. Ki rubuta tsarin kowane zama, mushrifa ta gani kafin ranar. A zaman farko ku yi dokokinku tare, ta farko ita ce abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Kada ki mayar da shi lacca. In wurin ba ya ba da damar rukuni, kamar sashen gaggawa, ki nemi a musanya miki da zaman wayar da kai ga masu jinya, amma da amincewar mushrifar jami'a.

10. Sallama

Mako biyu kafin ki gama, ki fara gaya wa mutanenki ranar tafiyarki da sunan wadda za ta ci gaba da lamarinsu. Wannan ya fi muhimmanci a gidan marayu da na tsofaffi, inda an sha tafiya a bar su ba sallama. Kada ki ce za ki riƙa leƙowa in ba ki da tabbacin hakan.

Kowane fayil ki rubuta masa taƙaitaccen bayanin miƙawa: inda aka tsaya, abin da ya rage, da ranar da aka sa. Ki zauna da mushrifa ki nemi ta faɗa miki inda kike da rauni, ki rubuta. Ki lissafa sa'o'inki ki gwada da takardar halarta tun da sauran kwanaki, don in akwai giɓi ki cike. Ki mayar da kati da makulli, ƙaramin littafin nan na jaka kuma ki yayyage shafukan da ke da bayanan mutane a cikin ofis.

Ki nemi takardar shaidar kammala horo mai hatimi kafin ki bar wurin, don bayan wata shida samun ta wahala ne. Ki adana ta tare da kwafin takardar halarta. In asibiti kike son yi wa aiki bayan kin gama, sai kin yi rajista da Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, kuma masu ɗaukar aiki sukan tambayi inda kika yi horo da wadda ta kula da ke. Ki nemi izinin mushrifarki tun yanzu cewa za ki ba da sunanta idan an tambaya.